Na zana fuskar mahaifina, yayana ya ce ba shi ba ne

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 20, ina zaune da mahaifiyata da yayyena. Sana'ata ƙunshi, ina yi wa amare da ƙawayensu zanen lalle, kuma alhamdulillahi ana son hannuna. Wata 7 da suka wuce na fara koyon zane da fensir ni kaɗai, ba malami. Mahaifinmu ya rasu shekara 2 ke nan, sai na yi niyyar in zana fuskarsa in ba Umma. Da ƙaramin hotonsa na fasfo na yi amfani, na shafe kwana 9 a kai. Ƙawayena duk sun ce Masha Allah. Da na nuna wa babban yayana, kallo ɗaya ya yi ya ce, "Wannan ai ba Baba ba ne." Umma ta karɓa, ta daɗe tana kallo, ba ta ce komai ba, ta sa a akwatinta. Wani abokin Yaya da ke karatun zane a kwaleji ya ce idanun sun yi sama kuma sun yi girma, na zagaye hanci da layi, inuwar kuma ta yi datti, in koma in fara daga farko. Kawuna da ya ji labari ya ce zanen mutum haramun ne, in daina. Yau mako 3 ban taɓa fensir ba. Anti, ki gaya mini gaskiya, ba ni da baiwar ne in haƙura, ko akwai abin da zan gyara? 'Yarki, daga jihar Katsina.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwana 9 ɗin nan. Kewa ce ta zaunar da ke tsawon kwanakin, da fuskar mahaifinki a gabanki kina bin ta da ido da hannu. Shi ya sa maganar da aka yi a kan takarda ta sauka a zuciyarki kai tsaye. Da buta kika zana aka ce bakinta ya karkace, murmushi za ki yi ki sake wata. Don haka bari mu ajiye kewar gefe guda da darajarta, mu dubi takardar a matsayin aikin wadda ta yi wata 7 da fara koyo.

Kada ki haƙura. Kurakurai ukun da aka lissafa miki babu ko ɗaya da ke nuna rashin baiwa. Su ne kurakuran da kusan duk mai koyon zana fuska ke yi, kuma kowanne an san dalilinsa, an san maganinsa. Abin da ya faru, kin ɗauki kaya mafi nauyi ne tun wuyanki bai saba da gammo ba. Idon ɗan Adam ya ƙware wajen gane fuska tun yana jariri. Idan kika gusar da ido ko gefen baki da kaurin tsinke, mai kallo zai ji cewa wani mutum ne daban, ko da ba zai iya faɗin abin da ya sauya ba. Balle fuskar da mutanen gida suka yi shekaru suna gani safe da yamma.

Wannan ya kawo mu kan yayanki. Bai iya magana ba, ban musa ba, ya kamata ya fara da ganin wahalar da kika sha. Amma ki tuna shi ma maraya ne kamarki. An miƙa masa takarda an ce ga Baba, zuciyarsa ta yunƙura za ta ga mahaifinsa, ba ta same shi ba, abin da ya zo bakinsa ya faɗa. Ba na jin raini ne. Ƙawayenki kuma ƙauna ce ta sa su yabo, ki karɓa ki gode musu, sai dai Masha Allah ba ta gaya wa mai koyo inda zai gyara. Shirun Umma kuwa, kada ki yi masa fassara ke kaɗai a ɗaki. Uwa ba ta sa abin da ta raina a akwatinta, inda take ajiye zannuwanta na fita da takardun gida. Zan dawo kanta.

Abokin Yayan nan shi ne ya ba ki abu mafi amfani, ko da ya miƙo shi ba a nannaɗe ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bari in warware miki maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, domin ya faɗi cuta bai faɗi magani ba.

Batun idanu. Tsaya gaban madubi, ki auna da yatsunki daga haɓa zuwa tsakiyar ido, sannan daga tsakiyar ido zuwa tsakar kai. Za ki ga kusan tsawo ɗaya ne. Idanun babban mutum a tsakiyar kai suke, amma kusan kowane mai koyo sama yake kai su, saboda hankalinmu yana kan ido da hanci da baki, goshi da ƙoƙon kai kuwa ba mu ɗauke su a bakin komai ba, sai mu rage musu wuri. Idan mahaifinki da hula yake a hoton, abin ya ƙara wuya, don hula tana ɓoye inda kai ya ƙare, dole ki ƙiyasta shi da layi mara nauyi kafin ki ɗora hular. Dalilin girman idon ma ɗaya ne: abin da ya fi muhimmanci a zuciya shi hannu ke faɗaɗawa. Tsakanin ido da ido akwai kimanin faɗin ido guda. Kunne yakan fara daga daidai gira ya ƙare daidai ƙasan hanci. Waɗannan ma'aunai na farawa ne kawai, kamannin mutum yana cikin ɗan bambancin da ke tsakaninsa da su, wani goshinsa ya fi faɗi, wani haɓarsa ta fi tsawo. Sai kin san ma'aunin sannan za ki ga inda Baba ya saɓa masa.

Batun layin hanci shi ne na fi so ki tsaya a kai, don a nan sana'arki take taimakonki kuma take riƙe ki. Hannun mai lalle hannu ne natsattse, ba ya rawa, ya saba da haƙuri, ya san daidaita dama da hagu. Masu koyo da yawa sai sun yi shekara kafin su sami abin da kike da shi. Amma lalle layi ne, kuma daga ka yake fitowa. Kin haddace fure da ganye da zobe, kina sauke su a fata ba tare da kallon wani fure a gabanki ba. Da kika koma fensir sai hannun ya ci gaba da abin da ya saba: ya haddace cewa ido kamar ganye yake, hanci layi biyu ne da ƙofofi biyu, baki layi ne mai lanƙwasa, sai ya sauke haddarsa. Dubi hancin duk wanda ke kusa da ke yanzu. Babu layi a jikinsa. Akwai gefen da haske ya bugi, akwai gefen da ya shiga inuwa, akwai duhu a ƙarƙashi. Inda haske ya haɗu da inuwa shi ne muke ɗauka layi. Farin ido ma ba fari ba ne fat, fatar ido tana jefa masa inuwa daga sama, kuma wanda ya bar shi fari kamar takarda zai sami ido mai zazzarowa. Aikin da ke gabanki na ido ne fiye da na hannu: ki koyi kallon abin da ke gabanki har ki daina jin muryar da ke gaya miki yadda ya kamata ya kasance. Idan kina zane, rabin lokacinki ko fiye ya tafi a kallon abin, ragowar a takarda.

Kuma hoton da kika zaɓa bai taimake ki ba. Hoton fasfo ƙarami ne, ana ɗaukarsa da haske daga gaba wanda ke wanke inuwar fuska, ga mutum ya daskare ba murmushi ba motsi. Ƙwararre ma yana shan wuya da irinsa, domin inuwar da za ta nuna tudu da kwarin fuska ba ta nan.

Saura dattin inuwa. Ina kyautata zaton fensir ɗaya gare ki, mai alamar HB, kina danna shi idan kina son duhu, sannan ki murje da yatsa. Abin da ke cikin fensir ba dalma ba ce, wani baƙin ma'adini ne mai laushi da ake kira girafait, ana cakuɗa shi da yumɓu a gasa. Wani Bafaranshe mai suna Conté ne ya fito da wannan dabara a 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun girafait daga Ingila, kuma daga nan aka sami fensir hawa-hawa: yumɓu ya yi yawa, fensir ya yi tauri ya yi haske, su ne masu H, girafait ya yi yawa, ya yi laushi ya yi baƙi, su ne masu B. Ki nemi 2B da 4B ki haɗa da HB ɗinki, in da hali ki ƙara 6B. Sun ishe ki shekara guda, ba sai kin sayi akwati mai guda 12 ba. Duhu yana samuwa ne ta sauya fensir da maimaita shafi a kan shafi a hankali. Dannawa tana murƙushe fuskar takarda, wurin ya riƙa ƙyalli kamar gwangwani, ya bar rami wanda kilina ba za ta iya cirewa ba. Yatsa kuwa yana da maiƙo, naki ma da ke ma'amala da lalle da mai ya fi, shi ke kama garin fensir ya zama tabo. Idan kina son laushi, ki yi da auduga ko ki nannaɗe 'yar takarda ta yi tsini, kuma kaɗan. Ki riƙa sa farar takarda ƙarƙashin hannunki don kada gefen tafinki ya share abin da kika gama.

Ga abin da nake so ki yi na wata guda, minti 20 zuwa 30 a rana, ko bayan sallar asuba ko da la'asar, duk lokacin da gida ya lafa. Rana ta farko ki zana 'yan akwatuna 5 a jere a takarda, na farko ki bar shi fari, na ƙarshe ki kai shi iyakar baƙin da fensirinki zai iya, na tsakiya su hau kamar matakala. Ki ajiye wannan takardar kusa da ke kullum, ki riƙa gwada duhun inuwar zanenki da ita. Sannan ki ɗauki ƙwai guda, ki ɗora a kan farin ƙyalle kusa da taga, haske ya zo masa ta gefe ɗaya kawai. Da dare tocila ma ta yi. Ƙanƙance idanunki har abin ya yi dishi-dishi, za ki ga ƙananan abubuwa sun ɓace, saura manyan yankuna na haske da duhu. Su za ki fara sawa. Za ki lura wuri mafi duhu a jikin ƙwan ba a can bakin gefensa yake ba, akwai ɗan haske da ƙyallen ke mayar masa daga ƙasa, kuma inuwar da ya jefa ta fi baƙi a daidai inda ya taɓa ƙyallen. Ranar da kika ga wannan da idonki kin ga goshi, kin ga kunci, kin ga kan hanci, don dukkansu 'yan'uwan ƙwai ne. Na san za ki ji kamar an mayar da ke aji ɗaya. Ki daure, mako guda ne.

Mako na biyu ki koma albasa, kofin shayi, ludayi, tulu. Na uku ki ɗauki buta, wadda ta fi su wayo. A nan za ki koyi awo: miƙe hannunki gaba ɗaya da fensir a tsaye, rufe ido ɗaya, daidaita kan fensir da saman butar, sa babban yatsa inda gindinta ya tsaya, sannan ki kwantar da fensirin ki ga sau nawa faɗinta ya shiga tsawonta. Kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, in ta lanƙwashe awon ya ɓaci. Idan kin zo mariƙin butar, ki bar kallon mariƙin, ki zana sararin da ke tsakaninsa da jikinta. Ƙwaƙwalwa ba ta haddace siffar sarari ba, dole ta bar ido ya yi aikinsa. Mako na huɗu ki zana hannunki na hagu, ko ƙyalle da aka rataye a ƙusa.

A duk waɗannan, ki fara da riƙe fensir daga can baya, ki ja layuka marasa nauyi waɗanda da ƙyar ake gani, motsin ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa. Babbar siffa tukuna, ƙanana daga baya. Kuskuren da ke cinye kwanaki shi ne mutum ya gama ido ɗaya tsaf har da gashinsa, sannan ya gane ba a wurinsa yake ba, ya kasa gogewa don tausayin wahalarsa. Ki fiƙe fensir da reza bakin ya yi tsawo, ki sami tsini na layi da gefe na inuwa. Kilinarki ki yanka ta da rezar ta yi kaifi, za ta zama abin zana haske. Takardar A4 ta shagon kwafi ta isa, kuma arharta alheri ce, ba za ki ji tsoron ɓata ta ba. Bayan kowane zane ki ɗaga shi gaban madubi, karkatar da idonki ya saba da ita za ta fito fili nan take. Ki rubuta kwanan wata a ƙasa, kada ki yaga ko ɗaya.

Idan lokacin fuska ya yi, ki kula da wani abu game da fatarmu. Masu koyo sukan shafe fuskar baƙin mutum da duhu iri ɗaya daga goshi zuwa haɓa, sai ta kwanta kamar allo. Baƙar fata tana ɗaukar haske sosai a goshi, da karan hanci, da saman kunci, da leɓen ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin haskenta da duhunta babba ce. Waɗannan wuraren ki tsare su tun farko, ki gina duhu a kewayensu a hankali.

Game da neman gyara, ki daina tambayar "ya yi kyau?" Wanda ke ƙaunarki zai ce eh, wanda bai iya magana ba zai sare miki gwiwa, ke kuma ki tashi ba ki ƙaru ba. Ki tambayi abu guda: ta ina kike ganin haske ya fito a zanen nan, ko wane gefe ne ya fi ɗayan faɗi. Ko yaro zai iya amsa wannan. Bayan watan nan, ki ba Yaya zane 3 ya kai wa abokinsa, ko ya zo gida a gaban Yaya, ki ce a nuna miki abu ɗaya da za ki fara gyarawa. Sa Yaya a tsakiya zai kiyaye mutuncinki, kuma zai jawo shi cikin abin da kike yi maimakon ya tsaya daga nesa yana yanke hukunci. Idan gyaran ya zo da wulaƙanci, ki ɗauki gyaran ki nemi wani malamin. Malaman zane na makarantun sakandare da ɗaliban kwalejojin ilimi suna nan, cikinsu har da mata.

Maganar Kawu ba abin wasa ba ce, kada ki ɗauke ta ƙiyayya. Akwai hadisai ingantattu masu tsoratarwa a kan masu yin surar abu mai rai. Bukhari da Muslim sun kawo cewa wani mai wannan sana'a ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai jiki wadda ke da inuwa, kamar gunki, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, suka tsananta a kan ta farko suka sassauta a kan na biyu; wasu malaman kuma sun hana duka. Fatawa ba aikina ba ce. Ki je da Umma ko Yaya wurin malamin da gidanku ya amince da iliminsa, ki faɗi ainihin abin da kike yi da niyyarki, ki bi abin da zuciyarki ta natsu da shi. Kafin nan, duk aikin watan da na ba ki in ban da hannunki babu mai rai a ciki, kina iya musanya shi da ƙyallen, don haka ba ki da dalilin jira, kuma kina iya gaya wa Kawu haka cikin ladabi.

Ko da a ƙarshe kin zaɓi barin fuska gaba ɗaya, fensir bai ƙare miki ba. Ƙasar nan ta daɗe da masu zane. Aska takwas da aska biyu da ke ƙirjin babbar riga sai an zana su a kan yadi kafin allura ta bi. Ga zayyanar allo, ga adon bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram, ga dagi. Ga itatuwa, kuka da giginya da dabino, ga zaure da soro da ƙofar gari, waɗanda duk suna buƙatar awo da haske da inuwar da za ki koya daga ƙwai da buta. Lallenki ma zai ƙaru, don mai iya zana sabon fure daga na gaske ba ta rasa sabon salo. In kuma karatun kike sha'awa, a Zariya akwai sashen zane mai tsohon tarihi. A can ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta nace a haɗa abin da aka koya a aji da zanen gargajiyar gida, kafin makarantar ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mai shigowa da hannun lalle tana da nata abin da za ta kawo irin wannan wuri.

Zanen Baba kuwa ki bar shi inda Umma ta sa shi. Kada ki karɓo don ki gyara, kada ki yi masa ƙari. Wata rana da daddare, idan kun rage ku biyu, ki zauna kusa da ita ki ce, "Umma, me kika gani ranar nan da kika yi shiru?" Ki shirya jin kowace amsa, mai yiwuwa ma hawaye ne amsar. Idan malam ya ba ki natsuwa kuma kin yi wata 5 ko 6 kina aikin da na faɗa, ki roƙe ta ta buɗe miki hotunan gida ku zaɓi wanda aka ɗauka a tsakar gida ko wurin biki, inda haske ya zo ta gefe kuma yana cikin sakewa. Ita ce ta san wace gira yake ɗagawa idan zai yi magana, da gefen bakin da ke fara motsi kafin ya yi dariya, sai ta zauna kusa da ke tana nuna miki.

Yau dai ki fiƙe fensirin nan, ki ɗauko ƙwai a kicin. Idan wata ya cika ki aiko mini da na ranar farko da na ranar 30 tare, ina jira. Ki gaishe mini da Umma.